Amsar da Ta Iso Bayan Ruwa

Akwai wani mutum a wani gari na bakin kogi, yana da gida wanda ba mutane ne ke kwana a cikinsa ba, injuna ne. Kwamfutoci ne irin waɗanda ba a ɗorawa a kan tebur, sai dai a jera su cikin akwatunan ƙarfe a jikin bango, ba su da aiki dare da rana sai lissafi da kai saƙo. Mutanen gari suna kiran wurin Gidan Injuna, shi kuwa mutumin tsoho ne mai sanyin hali, kowa yana ce masa Baba.

A tsakiyar kogin nan akwai tsibirai masu baƙar ƙasa, inda masara take yin tsawo har ta wuce kan mutum. Da rani talakawa sukan haye da jiragensu, su kafa bukkoki, su yi shuka, su zauna can da iyalansu har amfanin gona ya nuna. Amma can nesa, a cikin duwatsu, akwai babbar madatsar ruwa. Idan ruwan sama ya yi yawa a duwatsun, masu tsaron madatsar sukan buɗe ƙofofinta don kada ta fashe, sai ruwa ya gangaro kamar bango mai tafiya. Sau da yawa hakan yakan faru alhali a garin ko gajimare babu.

A zamanin iyaye, da an yi ruwan farko mai ƙarfi sai kowa ya tattara ya bar tsibiri, ko da masararsa ba ta nuna ba. Da Gidan Injuna ya zo, sai aka daina. An kafa ma'aunai a gefen kogi tun daga duwatsu har gari, suna aiko da labarin ruwa, injuna suna lissafawa, su aika wa kowa saƙo a wayarsa cewa ruwa zai kai tsibiri kaza a lokaci kaza. Mutane suka saba zama har sai saƙon ya zo.

Wata shekara wani masunci ya ga launin kogi ya sauya, ya yi kururuwa, mutane suka gudu suka bar gonakinsu. Ruwa bai zo ba, dorina ta shiga ta cinye masarar. Daga nan dattawan tsibirai suka kafa doka cewa ba wanda zai ƙara tashi a kan maganar baki, ko bakin wane ne, sai in saƙon injin ya shigo waya.

To, injunan gidan nan iri biyu ne, bambancinsu kuwa yana cikin ƙwaƙwalwarsu. Akwai ƙanana, masu yawa, kowannensu yana tunani a hankali, wutar da yake sha kaɗan ce, in ka ɗora hannu a kansa sai ka ji kamar ka taɓa randa. Akwai kuma manya guda biyu, masu saurin da ba a kwatantawa, amma suna zuƙar wuta ba ƙaƙƙautawa, suna fitar da huci mai zafi, har sai da aka kafa musu injin sanyi a ɗakinsu don kada su ƙone kansu.

Baba ya sa mutum biyu su lura da su. Mai lura da ƙananan sunansa Filibus, siriri ne, ba ya yawan magana, ba ya cin abinci ya ƙoshi, rigarsa ɗaya yakan wanke ya mayar. A majami'a iyaye sukan nuna wa 'ya'yansu shi, su ce ga mai tawali'u. Yana jin maganar, yakan sunkuyar da kai, amma tana yi masa daɗi a ciki, har ya kai ga ba ya iya rayuwa ba tare da ita ba. Mai lura da manyan kuwa Zakka ne, ƙato mai babbar murya, wanda in ya yi dariya a ƙofar gidan ana ji a kasuwa.

Su biyun taubasai ne, gama uwar Filibus da uban Zakka ciki ɗaya suka fito. Kun kuwa san yadda taubasai suke, duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya ba a ɗaukarsa da nauyi, dariya ake yi a wuce. Kowace safiya Zakka yakan leƙa ɗakin Filibus ya ce, "Taubashi, ka watsa wa 'yan tsakinka tsaba kuwa? Na ji suna kuka tun daga ƙofa."

Filibus yakan ce, "Sun ci sun ƙoshi. Je ka duba bijimanka, na ga sun shanye dizal ɗin Baba suna neman ƙari."

"Mai aiki shi ke ci."

"Wane aiki? Tun da aka yi girbi suke kwance suna huci, kamar kai bayan tuwon rana."

Haka suke yi shekara da shekaru, sunayen suka bi injunan, har Baba da kansa yakan ce 'yan tsaki da bijimai.

Sai aka shiga wata shekara mai wuya. Dizal ya yi ƙaranci, baturan da ke tara hasken rana suka tsufa. Baba ya kira su biyun, ya zaunar da su a inuwar gidan, ya ce, "'Ya'yana, gidan nan ba zai iya ciyar da iri biyu ba kuma. Zan zuba ido daga yanzu har ƙarshen rani, in ga aikin da kowane iri ya yi, in ga wutar da ya sha. Wanda ya fi amfani shi zai zauna."

Zakka ya yi dariya ya ce, "Baba, ai ka gama hukunci. Ka fara nema wa taubashina akurki."

A ranar wasa ya ƙare a zuciyar Filibus, ko da yake bakinsa ya ci gaba da yi.

Aikin rani kuwa duk ƙanana ne. Wannan yana tambayar farashin kifi, wancan yana aika gaisuwa tsibiri, ma'aunai suna aiko da labari cewa kogi yana barci. Irin wannan aikin yana rabuwa kamar tsintar gyaɗa, kowane ɗan tsako ya ɗauki nasa, nan da nan an gama, wuta kuwa kamar ba a taɓa ba. Bijimai suna yin nasu cikin ƙiftawar ido, sa'an nan su zauna ba aiki, suna shan wuta, injin sanyi ma yana shan tasa. Duk lokacin da Baba ya duba mita, sai ya girgiza kai a ɗakin Zakka, ya yi murmushi a ɗakin Filibus.

Da Zakka ya ga inda abin ya nufa, ya ce, "Baba, da rani kake auna mu, amma ba don rani aka gina gidan nan ba. Ka ba 'yan tsakin lissafin ambaliya mu gani."

Baba ya ga maganar tana da kan gado. Ya ce wa Filibus ya ɗauko labarin ruwan bara, ya ba ƙananan su lissafa, a gani ko amsarsu za ta zo daidai da wadda bijimai suka bayar a lokacin.

Lissafin ambaliya kuwa ba irin tsintar gyaɗa ba ne. Ba za a san ruwan da zai kai gari ba sai an san wanda ya wuce kwanar da ke gabansa, ba za a san na kwanar ba sai an san na mashigin da ke bisanta, haka har duwatsu. Kamar guga ɗaya ne a rijiya mai zurfi. Ko mata nawa suka taru a bakin rijiyar, igiya ɗaya ce, gugan ba zai fito da sauri ba sai hannun da ke ja yana da ƙarfi. Bijimai sukan gama wannan lissafi kafin tukunyar shayi ta tafasa.

Filibus ya ba 'yan tsakinsa aikin da safe, ya rufe ƙofa. Rana ta take, ba su gama ba. La'asar ta yi, kowane ɗaya yana jiran na kusa da shi ya gama ya miƙo masa. Ya tafi gida, ya dawo washegari, sai bayan hantsi amsar ta fito. Ya gwada ta da ta bara, ya ga daidai take, ko kaɗan ba ta kauce ba. Ya daɗe a zaune yana kallonta. Ya san abin da ya gani, gama shi ba jahili ba ne a aikinsa.

Baba ya zo tare da waɗansu dattawan tsibirai don su ji sakamako. Ya ce, "Ɗana, sun yi?"

"Sun yi, Baba."

"Amsar daidai ce?"

"Daidai take da ta bijimai. Ga ta, a duba."

Aka duba, aka ga haka ne. Dattawa suka yi ta jinjina kai. Sai Zakka, wanda yake jingine da ƙofa, ya ce, "Taubashi, yaushe suka gama?"

Filibus ya ɗaga kai, ya yi murmushi, ya ce, "Sun gama tun kana can kana lashe kwanon surukarka."

Wuri ya kaure da dariya. Zakka ya ce, "A'a, da gaske nake, yaushe suka gama?" Amma wani dattijo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai Zakka, an kayar da kai, ka tashi ka kaɗe rigarka. Ku je waje ku ƙarasa wasanku." Baba ma yana share hawayen dariya. Ba wanda ya ji tambayar a matsayin tambaya, domin daga bakin taubashi ta fito. Filibus kuwa ya san haka za a yi, shi ya sa ya amsa da wasa.

A makon nan aka kashe bijimai, aka lulluɓe su da tamfol. Aka kwance injin sanyi aka kai asibitin gari don ajiyar magani. Zakka ya tattara kayansa ya koma kasuwa yana gyaran waya a wata rumfa. Ranar da zai tafi ya tsaya a ƙofar Filibus, bai yi dariya ba, ya ce, "Allah ya sa ka san abin da kake yi."

Filibus ya ce a ransa, kafin damina zan sami dabarar da za ta sa su yi sauri. Ya gwada, bai samu ba. Sai ya ce a ransa, wataƙila bana ruwan zai zo a hankali. A majami'a kuwa aka ƙara yabonsa, har wani mai wa'azi ya kawo shi misali, ya ce ku dubi yadda ƙanana masu ƙanƙan da kai suka kunyata manya. Filibus ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba.

Yana da ƙanwa, sunanta Afiniki, gwauruwa ce, tana noma a tsibirin da ya fi kowanne kwari, ita da 'ya'yanta da tsohuwar uwar mijinta wadda ƙafafunta suka mutu. Duk wanda ya ce mata tsibirinta yana da hatsari, takan ce, "Ni da nake da Yaya mai riƙe da Gidan Injuna? Ai ruwa sai ya yi mini sallama kafin ya shigo."

Damina ta yi nisa, masara ta fitar da gemu, saura kaɗan a karya. Wata safiya rana ta fito fes, sama ba ko ɗigon gajimare, sai ma'aunan duwatsu suka fara aiko da labari, ɗaya bayan ɗaya, cewa an buɗe ƙofofin madatsa duka. Filibus bai taɓa ganin ruwa ya hau da sauri haka ba. Ya ba 'yan tsaki lissafin, ya tsaya a kansu. Fitilunsu suna ƙyalƙyali a natse, ɗakin da sanyi, ba ƙara ba huci, kowane ɗaya yana jiran ɗan'uwansa.

Ya ɗauki waya ya kira ƙanwarsa.

"Afiniki, ki kwashe yara da Kaka ku hayo gari."

"Lafiya, Yaya? Injin ya faɗa?"

In ya ce injin ba zai faɗa a kan lokaci ba, sai ta tambaye shi dalili, kafin azahar kuwa duk tsibirai sun ji, gari ma ya ji. Ya ce, "Yana kan lissafi."

Ta yi dariya. "To, in ya gama ai zan gani. Ka san dokar dattawa, in na tashi a kan maganar baki su ce gidanmu ne ya fara karya ta. Ga rana tana dukan mutum, Yaya. Na ajiye maka masara mai zaƙi, irin wadda kake so a gasa."

Ta kashe wayar. Filibus ya zauna a ƙasa, ya jingina da akwatin ƙarfe. Ya yi addu'a Allah ya sa injunan su yi sauri, amma bai yi addu'a Allah ya buɗe bakinsa ba. Hantsi ya wuce. Ma'aunin mashigi na farko ya aiko da labari sau ɗaya, daga nan bai ƙara magana ba, ruwa ya tafi da shi.

Sai Filibus ya tashi a guje zuwa kasuwa. Zakka yana zaune a rumfarsa da wayar wani a hannu, ya ɗaga kai ya ce, "Yau kuma wa ya kori kaza daga akurki?" Da ya ga fuskarsa sai ya ajiye wayar.

Filibus ya ce, "Ba za su gama ba sai gobe. Wancan karon ma sai washegari suka gama."

Zakka ya dube shi. Bai zage shi ba, bai ce na faɗa ba. Ya ce, "Mu je."

Suka yaye tamfol, ƙura ta tashi. Zakka ya mayar da wayoyin wuta, ya tayar da janareta da ɗan dizal ɗin da ya rage, bijimai suka farka da ruri, suka kama lissafi. Amma injin sanyi ba ya nan. Nan da nan ɗakin ya zama kamar tanderu. Suka ɓalle ƙofa da tagogi, suka jiƙa buhuna suka rataya, Filibus ya cire rigarsa yana fifita da ita, Zakka yana fifita da tabarma, gumi yana zuba daga gemunsa, yana cewa, "Ku daure, ku daure kaɗan." Lissafi ya wuce rabi, sai na farko ya kashe kansa don kada ya ƙone. Na biyu ya ɗan ƙara gaba, shi ma ya yi shiru.

Baba ya shigo yana dogara sanda, ya ce, "Me ke faruwa a gidana?"

Filibus ya durƙusa ya faɗa masa duka. Tsohon bai tsaya yin fushi ba. Ya ce, "Ku buga ƙararrawar majami'a. Ku kira kowace waya da bakinku, ku ce ni na ce, ku faɗi dalili. Duk mai jirgi ya sauka ruwa."

Aka yi haka, amma rana ta riga ta karkata. Waɗansu a tsibirai suka yarda nan take, waɗansu suka tsaya gardama, suna cewa ina saƙon, ai haka aka yi mana shekarar dorina. Filibus ya sake kiran ƙanwarsa, wannan karon ya faɗa mata gaskiya, yana kuka. Ta ce, "Da ka faɗa tun da safe, Yaya, ai da jirgin maƙwabcinmu Malam Sila yana nan. Yanzu ya tafi kamun kifi."

Jirgi ɗaya ne ya kai tsibirinta, ƙarami, ya kusa cika. Ta cusa 'ya'yanta a ciki, ta ba babbar, Keziya, wayarta ta ce ta riƙe kada ta jiƙe. Mai jirgin ya ce ta shigo, akwai wurin mutum ɗaya. Ta ce, "Kaka ba ta iya tafiya, ba zan bar ta ita kaɗai ba. Ka sauke su ka dawo mana."

Mai jirgin ya sauke yaran, ya juya zai koma. Mutanen da ke bakin gaɓa suka ji wata ƙara daga arewa kamar ta manyan motoci a kan gada. Suka riƙe jirgin da ƙarfi suka hana shi tafiya. Suna tsaye da hasken rana suka ga ruwa ya zo, ja wur, ɗauke da itatuwa, ya hau tsibirin kwari, masara ta sunkuya, bukkoki suka tashi, daga nan ba a ƙara ganin kome ba sai ruwa.

Washegari gari duka yana bakin kogi, maza suna bin gaɓa da dogayen sanduna suna neman waɗanda ba a gani ba, mata suna zaune a kan tabarmi ba mai magana. Filibus yana zaune nesa kaɗan, ba riga, yaran ƙanwarsa suna kewaye da shi domin ba su da wani. Zakka yana tsaye a bayansa. A cikin ruɗanin jiya ba wanda ya tuna ya tsayar da 'yan tsaki, suna can suna aikinsu a natse.

Bayan hantsi, sai wayoyin mutane suka yi ƙara gaba ɗaya, a aljihu, a ɗaurin zane, a kan tabarmi. Kowa ya duba. Saƙon Gidan Injuna ne. Ya ce kowa ya tashi daga tsibirai. Ya faɗi tsibirin da ruwa zai fara ci, ya faɗi lokacin, ya faɗi tsawon da zai kai. Duka daidai, ko kaɗan bai kauce ba.

Keziya ta karanta a wayar uwarta, ta miƙa wa Filibus, ta ce, "Kawu, saƙonka ya zo."

Ƙaunatattuna, ga ma'anar wannan misali. Gidan Injuna shi ne ikkilisiya, shi ne kuma gidan kowane ɗayanmu. Ubangiji bai yi mu iri ɗaya ba. Akwai waɗanda ya yi su kamar 'yan tsakin nan, masu aikin yau da kullum a natse, masu shara da gaishe da marasa lafiya da dafa wa baƙi, ba sa neman abu mai yawa, ba a jin ƙararsu. Akwai kuma waɗanda ya yi su kamar bijimai, masu zafi, masu wuyar zama, suna gajiyar da mutane, sai an yi ta fifita su da haƙuri, har wani lokaci mu ce da ba su a cikinmu da mun huta. Amma akwai ranar da nauyi zai zo wanda ba ya rabuwa, sai mai ƙarfi ɗaya ya ɗauka. In mun riga mun kore shi, ko mun kwashe haƙurin da ke sanyaya shi, a ranar za mu neme shi mu tarar ba ya iya tashi. Baba ya yi kuskure da ya auna bayinsa da rani, ya kuma sa su gasa a kan abin da aka gina domin su yi shi tare.

Amma ba Baba ne misalin ya fi nufa ba, Filibus ne, domin yawancinmu da muke zaune a nan mun fi kama da shi. Mun saba jin cewa girmankai yana wurin masu babbar murya da manyan riguna. Yana nan kuma a wurin mai riga ɗaya. Mutum yana iya ƙaunar a ce da shi mai tawali'u har ya fi ƙaunar ran ƙanwarsa, bai kuwa sani ba sai ranar da aka sa su biyun a gabansa ya zaɓa.

Ku lura, Filibus bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba. An tambaye shi ko sun yi, sun kuwa yi. An tambaye shi ko daidai ne, daidai ne kuwa. Ya ce wa ƙanwarsa injin yana kan lissafi, haka ne. Abin da ya yi shi ne ya riƙe guntun gaskiyar da zai rage masa daraja, da aka matsa masa kuma ya lulluɓe shi da wasa. Mu ma muna yin haka. Matarka ta yi maka tambaya mai nauyi, ka mayar da ita abin dariya. Ɗan'uwa ya ja maka kunne, ka ce ai wane ne, haka yake da baki. Allah yana iya sa gargaɗinsa a bakin taubashinka, kada ka ƙi ji don ka saba dariya da shi.

Filibus ya faɗi gaskiya daga baya, Allah kuma mai jinƙai ne, ba ya korar wanda ya durƙusa. Amma gafara ba ta mayar da ruwa duwatsu ba, ba ta kuma mayar wa Keziya uwarta ba.

Saboda haka, in akwai maganar da ka san ya kamata ka faɗa, wadda wani yake zaune a tsibiri yana dogara da shirunka, kada ka jira ta gama nuna a cikinka. Kada ka ce sai na sami dabara, kada ka ce wataƙila ruwan zai zo a hankali. Ka faɗe ta yau da safe, tun jirgi yana bakin gaɓa.